Na Kasa Tsare Malam Daga Masu Dubiya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake ba da lafiya aro, ya kuma san ranar da zai karɓi abinsa. Ban daɗe da fita takaba ba. Tun ina cikinta nake cewa in Allah ya nuna min ƙarshenta sai na ba da labarin jinyar mijina, ko wata za ta ji ta tsira da nata. Sunana Hajara. A garinmu, can gaba da Zandam a ƙasar Gwaram, an san ba na ɓoye magana a ciki. Mijina Malam Sule shi ne mai unguwa, ya gaji mahaifinsa tun gemunsa bai fara furfura ba. Wanda abin da zan faɗa zai ɓata wa rai ya yi haƙuri, ni ma haƙurin nake yi.

Wanda bai zauna da mai unguwa ba sai ya ɗauka sarauta ce. Wallahi wahala ce zalla. Kafin Malam ya dawo daga masallaci da asuba, takalma sun jeru a ƙofar zaure. Akuyar wane ta cinye rogon wane. Matar wane ta yi yaji. Shanu sun shiga gero. Masu allurar rigakafi sun zo a raka su gida gida. Dagaci ya aiko yana nemansa yanzu yanzu. Koko ya huce, tuwo ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa. In na yi magana sai ya ce, "Hajara, babba juji ne." In ce, "Juji ma ana kwashe shi a kai gona, Malam. Kai wa yake kwashe maka?" Sai ya yi dariya ya ɗauki hularsa ya fita.

Da kakar bara abin ya fara. Shekarar an yi rigingimun gona da makiyaya sosai, kullum yana bisa babur daga wannan gona zuwa waccan ruga. Ya fara kukan ciwon kai, a ƙeya, wai kamar an ɗaura masa dutse. Barci ya ƙaurace masa. Mutumin da ko kaza ba ya yi wa tsawa ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai ya aika a sayo masa ƙwaya a kemis, ya kora da shayi, ya bi da goro, ya koma zaure. Mako na biyu ya fara mantuwa, ya sa hula a kai yana neman hula. Mako na uku ya yi haɓo yana tsakiyar sulhunta wasu, jini ya ɓata masa gaban riga. Ya shigo ya canja rigar, zai koma, na tare ƙofar ɗaki na ce yau sai dai ya bi ta kaina.

Da ƙyar na samu ƙaninsa Haruna ya kai shi asibiti a Gwaram. Aka ɗaura masa abin awo a hannu, ma'aikacin ya duba ya sake dubawa, ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ya ba shi magani, ya ce ya sha kullum, ya rage gishiri, ya rage tunani. Malam ya dawo yana ba ni labari yana murmushi: "Wai in rage tunani. A ina ake sayar da wannan?" Ya sha maganin har kan ya lafa, daga nan ya ajiye. Da na nemi sauran ban gani ba. Ashe wani tsoho ne ya zo masa da kukan ciwon kai, ya ɗauka ya ba shi. Ranar na yi faɗa har muryata ta dushe.

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu sha ba. Gwaggonsa ta ce iska ce ya gamu da ita a hanyar ruga. Haruna ya ce shi dai jikinsa na ba shi sammu ne, don mai raba gardama ba ya rasa maƙiyi. Wata ta ce a jiƙa zoɓo ba sukari, wani ya ce tafarnuwa da zuma, wani ya kawo rubutu a galan. Duk mun yi, ban raina na kowa ba, kowa don ƙauna ya kawo. Amma a cikin masu shawarar nan kaf babu wanda ya ce a ɗauke masa zaure na wata guda.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, wata rana yana alwalar azahar na ji buta ta faɗi. Na leƙo na gan shi a zaune a ƙasa, ya jingina da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Yana so ya kira sunana, harshen ya ƙi. Na ce innalillahi, na ruga na riƙe shi, na ƙwala wa Haruna kira. Motar da ta zo ɗaukar riɗi ita aka sauke wa buhuna aka shimfiɗa masa katifa. A Gwaram suka duba shi suka ce mu wuce babban asibitin Birnin Kudu, kada mu tsaya ko'ina. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina.

Yayana Sabo yana da shago a kasuwar Birnin Kudu. Allah ya saka masa da alheri, kafin mu iso ya rufe shagon yana bakin ƙofar asibiti. Shi ya shiga layin kati, ya fita ya shiga layin biya, ya fita ya shiga layin magani. Ni da ban saba ba, da ni kaɗai ce da sai dai in zauna in yi kuka. Jama'a kamar ranar kasuwa, kowa da nasa a kwance ko a jingine. Aka ba Malam gado. Haruna ke kwana da shi a ɗakin maza, ni kuma in kwana gidan Yaya Sabo, in yi sammako da kunu da ruwan zafi a fulas. Akwai wata baiwar Allah daga Yalwan Damai da ke jinyar mahaifinta a gadon kusa da namu, ita ta koya min yadda ake juya marar lafiya kada bayansa ya yi gyambo, muka riƙa raba tabarma ɗaya a baranda. Ko sunan unguwarsu ban tambaya ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Makon farko sai da cokali ake ɗura masa kunu, rabi ya shiga rabi ya zubo. Riɗin da muka ajiye don a gyara rufin ɗaki ya tafi a gwaje-gwaje da magani. Tumakina suka bi baya. Ban yi baƙin cikin ko ɗaya ba, da ma don irin wannan ranar ake kiwo. A mako na biyu harshensa ya fara sakuwa, ya kira sunana, duk da a karkace ya fito. Na fita baranda na yi kukan daɗi.

Likitan da ke duba shi ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya ya kira ni da Haruna gefe ya ce, "Ɓarin jikin nan zai iya dawowa, in an yi haƙuri. Amma ku ji da kyau. Maganin da muke ba shi rabi ne. Ɗaya rabin yana hannunku: ku rage masa mutane. In ya sake faɗuwa, ba na ce zai tashi ba." Wannan magana ta zauna min a kai, har yau ina jin ta da muryarsa. Haruna ya ce in sha Allahu. Ni ma na ce in sha Allahu, ban san abin da na ɗauka ba.

Don kuwa labari ya isa gari cewa mai unguwa ya fara magana. Sai ga mutane. Mota guda ake yi daga garinmu, maza a gaba mata a baya, a zo dubiya. Kada a ce na zama butulu: sun zo da ƙwai, da fura, da lemo, da kaji, wani ma ya damƙa masa abin da ya samu a hannu alhali na san gidansa ba hatsi. Sun yi addu'o'i masu sa hawaye. Amma in an shafa fatiha an miƙe, sai ka ga mutum ɗaya ya yi jinkirin neman takalmi. Sai ya dawo ya durƙusa a bakin gado ya rage murya: "Ranka ya daɗe, ba don na dame ka ba, maganar filin nan ce." Malam kuwa, da bakin da ko kunu bai gama riƙewa ba, sai ya fara tambaya wa ya ce, wa ya shaida. In an auna jininsa da yamma sai a ga ya hau. Ma'aikatan jinya sun kore su ba sau ɗaya ba, Allah ya biya su. Sai masu dubiyar su fita su zagayo ta taga.

Da aka zo sallamarmu, Yaya Sabo ya ce ga ɗaki a gidansa, Malam ya zauna wata biyu ko uku, kusa da asibiti, nesa da zaure. Na ji kamar an sauke min kaya. Haruna ya ɓata fuska ya ce, "Mai unguwa guda ya tare a gidan surukai? Da wane ido za mu kalli gari?" Na ce, "Da idon da za ku kalli gawarsa in kun mayar da shi." Ya ce in iya bakina. Muka juya ga Malam, shi ne mai raba gardama ko a kan kansa. Ya ce, "Sabo, na gode. Hajara, ki kai ni gida."

Muka koma. Amma na yi dabarata. Ban bari an kwantar da shi a turakarsa da ke kusa da zaure ba, na ce ɗakina za a kai shi, can cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Na ce da Haruna, tunda shi ya hana zaman Birnin Kudu, to ya zauna a zaure ya ji ƙararrakin, duk wanda ya nemi Malam a ce yana barci. Ya yarda, don shi ma maganar likita ta tsorata shi.

Makonnin nan su ne mafi daɗi a zaman aurenmu, ko da yake a jinya muka yi su. Ya ci abinci da zafinsa. Ya yi barcin rana. Ina matsa masa hannu da man zafi safe da yamma, ina ba shi ƙwallon goruba ya riƙa matsewa. Ya fara riƙe cokali. Ya fara takawa da sanda daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bishiyar darbejiya, ya zauna yana kallon kaji. Muka yi hirar da ba mu taɓa samun lokacinta ba, har labarin yadda ya fara ganina a bikin wata 'yar uwarsa ya ba ni, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da muka koma asibiti ganin likita, ya auna shi ya ce, "Madalla. Duk abin da kuke yi, ku ci gaba."

A waje kuwa gari ya ɗauka. Mata su suke iya shigowa, su suke kawo min. Wai Hajara ta mallake mai unguwa. Wai na hana Musulmi ladan dubiya. Wai ciwon ya fi yadda ake faɗa, ɓoyewa muke. Liman da kansa ya aiko matarsa ta gaya min, cikin ladabi, cewa duba marar lafiya haƙƙi ne. Na ce ta gaya wa Malam Liman na sani, amma barci ma haƙƙin marar lafiya ne. Duk wannan bai dame ni ba, na saba da bakin mutane.

Abin da ya karya ni daga cikin ɗaki ya fito. Wata la'asar na kawo masa fura na tarar idonsa ya kaɗa. Na ce lafiya? Ya ce, "Hajara, ashe haka duniya take. Shekara nawa ina tashi tsaye a kan mutanen nan. Na kwanta, ko mai leƙowa babu." Hawaye na bin gefen bakin nan da ya karkace. Ban iya jurewa ba. Na ce, "Malam, kullum zaure cike yake. Ni na hana." Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Kin binne ni da raina." Ya ture furar. Ranar bai ci komai ba, washegari ma haka.

To ku gaya min, ya zan yi? In bar shi da yunwa da baƙin ciki, ko in buɗe ƙofa? Na buɗe, amma da sharaɗi: bayan la'asar kawai, gaisuwa kawai, Haruna na zaune, ba ƙara ba shari'a. Aka fitar masa da kujera zaure. Ranar farko na ji dariyarsa har cikin gida, na ce ko dai ni ce na yi zalunci. Sharaɗin ya yi mako guda yana aiki. Daga nan la'asar ta koma azahar, azahar ta koma hantsi. Masu ƙara suka ce hukuncin Haruna bai gamshe su ba, sai sun ji daga bakin mai unguwa. Shi kuma bai iya cewa a'a ba, bai taɓa koya ba. Da zafin bazara ya shigo na lura yana dafe ƙeya in ya ɗauka ba na kallo. In na tambaya ya ce zafi ne.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. A nan rigimar Idi da Audu ta taso. 'Ya'yan wa da ƙani ne, gonakinsu na gado suna jere, gamba ce ta raba su. Gobarar daji ta cinye gambar da rani, da aka zo shuka kowa ya ce iyakar tana gaba. Wurin da ake faɗa a kai, an ce min, bai fi a shimfiɗa tabarma ba a faɗi. Suka zo da hantsi kowa da mutanensa, ana ta hayaniya, wai har an zare fartanya. Suka ce Malam yana wurin ranar da iyayensu suka raba gonar, shi kaɗai ya rage a cikin shaidu, sai ya je ya nuna da ƙafarsa.

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka zaure alhali maza na ciki ba. Ranar na yafa mayafi na fita. Na ce, "Idi, Audu, ku dubi Allah ku dubi mutumin nan. Da sanda yake zuwa masallaci. Likita ya ce in ya sake faɗuwa ba zai tashi ba. Ku je da Haruna, ku je da Liman, ku je wurin dagaci." Idi ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba daɗewa za a yi ba, nunawa kawai zai yi." Audu ya ce, "In ba shi ba, ni ban yarda da kowa ba." Na juya ga Malam. Kunya ta kama shi, matarsa a tsakiyar maza. Ya ce a hankali, "Koma ciki, Hajara. In ban je ba za a zub da jini, kuma ni za a tambaya gobe kiyama." Aka ɗora shi a babur, Haruna ya zauna a bayansa ya riƙe shi. Ko ruwa ban samu na ba shi ba.

Abin da ya faru a gona Haruna ne ya gaya min. Malam ya nuna iyakar tun isarsu, daga kututturen ɗorawa zuwa wani tsohon suri. Idi ya yarda, Audu ya ƙi. Ya sake bayani, Audu ya sauko, 'yan uwan Idi suka tayar. Rana ta take, ba inuwa, shi yana tsaye a kan sanda yana ba wannan haƙuri yana ba wancan. Har aka yi kiran azahar suna nan. Yana cikin magana sandar ta zame.

Hanyar Birnin Kudu dai muka sake bi, layin nan dai Yaya Sabo ya sake shiga. Wannan karon Malam bai buɗe ido ba. Likitan ya zo ya duba shi, ya dube ni, bai ce min komai a kan maganarsa ta da ba. Na so ya yi min faɗa, ko na samu inda zan sauke abin da ke raina. Kwanaki kaɗan muka yi. Ina zaune ina goge masa fuska da tsumma mai ruwa da hantsi, numfashin ya yi tsawo, ya tsaya. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha a kan jama'a ta zame masa haske a kabari.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah bai hana mu faɗa wa juna gaskiya ba. Kai da ke riƙe da jama'a, ko unguwa ce, ko makaranta, ko tasha, ciwon ƙeyar nan da rashin barcin nan kada ka kora su da goro. Je a auna ka, ka sha maganin har ranar da likita ya ce ka bari. Ka koya wa wani aikin tun kana tsaye, ka kuma koya wa mutane su yarda da shi, don Malam bai yi haka ba, shi ya sa suka raina hukuncin Haruna. Ku kuma masu dubiya, ku yi addu'arku ku tashi, ku tafi da damuwarku a aljihu.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗaki, Haruna ya yi sallama ya ce ga Idi da Audu suna so su yi min gaisuwa. Na ce su matso bakin labule. A babur ɗaya suka zo, aka ce min. Suka yi ta'aziyya, daga muryarsu na san ba ƙarya suke ba. Sannan Idi ya ce, "Inna, mun zo ne kuma mu gaya miki, ko hankalinki zai kwanta. Maganar gonar nan ta ƙare. Daga maƙabarta muka wuce can, mu biyu kaɗai. Ko zama ba mu yi ba, a tsaye muka daidaita. Har mun dasa sabuwar gamba."

Na ce, "Ku biyu kaɗai?"

Audu ya ce, "Mu biyu, Inna."

Na ce, "Ashe za ku iya."

Na matsa kusa da labulen, don da gaske nake so in ji. Na ce, "To me ya hana ku yi hakan ran nan, ku bar min shi a inuwa?"

Ta ƙasan labule nake ganin ƙafafunsu. Sun daɗe a durƙushe, sannan Haruna ya ce su tashi su tafi.